Kunne Ba Ya Sabawa da Ƙara

A 'yan makonnin nan magina da leburori da ma'aikatan gidajen buga bulo sun yi ta bugo mana waya a shirinmu na kiwon lafiya da ƙorafi iri guda, wai idan sun tashi daga aiki kunnuwansu kan yi ta ƙugi har cikin dare, kuma galibinsu, bayan sun gama bayani, sai su ƙara da cewa ai ba komai, haka sabon shiga yake fama, kunne zai saba.

To, wanda ke sauraronmu da rabin hankali, ya ajiye kofin shayin ya ji wannan: kunne ba ya sabawa da ƙara. A can cikin kunne, bayan dodonsa, Allah cikin hikimarsa ya halicci waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu gashi waɗanda ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa, kuma idan ƙara mai tsanani ta dinga dukansu yau da gobe sai su mutu, alhali kuwa, kamar haƙorin babba, wanda ya faɗi ba ya sake tsirowa. Saboda haka ranar da ka ji injin kwaɓa siminti ya daina damunka, haƙiƙa jinka ne ya ragu.

Masana suna auna ƙara da desibel, kuma sun ƙayyade 85 a matsayin iyaka ga mai aikin awa 8; duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan wa'adi da rabi, har ya zama a desibel 100, inda injin fasa kankare da na yankan ƙarfe kan kai, minti 15 kacal ne. Ba ka da na'urar awo? Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya fahimce ka, an kai iyaka.

Wani dattijon birkila ya shaida mini cewa yana jin muryar liman sarai amma kalmomin suna kuɓuce masa, kuma iyalinsa sun ɗauka miskilanci ne ya same shi da tsufa. Haka lalurar take farawa, siraran sautuka irin su "s" da "f" ne ke fara ɓacewa. Shi ma, in ji shi, tun yana saurayi aka ce masa ya saba. Haba samari! Kuna sayen safar hannu don gudun kanta, amma abin toshe kunne ku ce na ragwaye ne?

Auduga da tsumma ba su tare ƙara yadda ake zato. A nemi matoshin kunne na soso ko marufin da ke rufe kunne duka, kuma haƙƙi ne a kan ɗan kwangila ya tanada. A nesanta janareta, a riƙa karɓa-karɓa a kan injin. Kada a ɗiga man ja ko ruwan albasa a kunne.

Wanda ƙugin ya ƙi barinsa, kada ya zauna jiran sabo. Ya tafi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a gwada jinsa. Layukanmu a buɗe suke, a bugo mana.