Allurar saƙa mai igiya: yadda ake zaɓenta da yadda ake aiki da ita

Wannan jawabi ne da wata malamar saƙa ta yi wa matan cibiyar yaƙi da jahilci ta Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, jihar Maradi. An buga shi don matan Agye da Gazawa da sauran garuruwa su karanta su ƙaru.

 

Kowa ya san ɗarin watan Disamba da Janairu. Babba ma yana jin shi, balle jinjirin da aka haifa jiya. Kan jinjiri babba ne bisa ga jikinsa, kuma ta nan ɗumi mai yawa yake fita. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa wa jinjiri tagiya, a kwantar da shi bisa ƙirjin uwarsa, kada a yi masa wanka sai ya yi awa 24 da haihuwa. Tagiyar nan mace tana iya saƙa ta da hannunta, in ta samu allurar da ta dace.

Wace iri ce allura mai igiya?

Allurar saƙa da aka saba gani tsinkaye biyu ne dogaye. Da su ake saƙa ƙyalle shimfiɗaɗɗe, daga baya a ɗinke gefe da gefe. Ita mai igiya tsinkaye biyu ne gajeru, an haɗa su da igiyar roba mai laushi. Da ita saƙa take zagayawa kamar ginin rumbu. Tagiya ta fito babu ɗinkin da zai gurje kan yaro. Nauyin saƙar kuma yana bisa igiya a cinyar mai saƙa, hannu ba ya saurin gajiya. Allurar ba sabuwa ba ce, tun shekara ta 1918 aka yi mata rajista a Amurka.

Iri biyu ce. Akwai wadda aka manne tsinke da igiya, ba su rabuwa. Akwai kuma mai kwancewa. Ita wannan ana cire tsinken a sa wani, ana cire igiyar a sa wata. Wasu murɗa su ake yi kamar marufin kwalba, wasu kuwa dannawa ake yi su kama. Ana ƙera su a Indiya da Sin da Jamus. Sau da yawa cikin jaka guda ake sayar da su: tsinkaye iri-iri, igiyoyi, ɗan mabuɗi da marufai.

Ba a cika ganinta a kasuwar ƙauye ba, sai an ba da sautu ga mai zuwa Maradi ko Kano. Mai ɗaukar sautu kuwa bai san saƙa ba. Abin da aka rubuta masa shi zai sawo. To, abu uku za a rubuta masa.

Na ɗaya: kaurin tsinke

Ana auna kaurin tsinke da milimetir, kuma lambar tana rubuce a jikinsa ko a jakarsa. Zaren ulu siriri yana son lamba 3 ko 3 da rabi. Matsakaici yana son lamba 4. Mai kauri yana son 5 ko 6. In zaren ya zo da takarda, akan rubuta lambar allurarsa a kai. Tsinken da ya yi wa zare kauri yana ba da saƙa sako-sako, iska ta shiga. Wanda ya yi masa siranta yana ba da saƙa mai tauri, kuma yana cin zare.

Na biyu: tsawon igiya

Ana auna shi da santimetir, daga bakin wannan tsinke zuwa bakin wancan. Waɗanda aka fi samu su ne 40, 60, 80 da 100. Dokar ita ce: allura ta fi kewayen abin da ake saƙawa gajarta. Mai 40 ta tagiyar babba ce, da ta yaron da ya fara tafiya, kuma tana son tsinkaye gajeru. Mai 60 ta rigar sanyin yaro ce. Mai 80 da mai 100 na rigar babba ne da bargo.

A nan mata da yawa suke asarar kuɗinsu. Kewayen kan jinjiri sabon haihuwa wajen santimetir 34 ne. Mai 40 ta yi wa tagiyarsa tsawo, saƙar ba za ta haɗu ba. Maganin abin shi ne doguwar igiya, mai 80, da dabarar da za a faɗa nan gaba.

Na uku: mahaɗi

Mahaɗi shi ne wurin da tsinke ya gamu da igiya. Mai saye ya shafa shi da yatsa. In ya ji kaushi ko tudu, ya bar ta, don zare zai riƙa sarƙewa a nan yana tsinkewa. Araha ba ta ado. Kuma tsinken wani kamfani ba ya cika shiga igiyar wani. In za a ƙaro igiya, a nemo ta kamfanin da aka fara saye.

Tsinken ƙarfe yana da santsi da sauri, kuma yana daɗewa. Na itace da na gora suna riƙe zare, sun fi wa mai koyo, amma siriri yana karyewa in an zauna a kansa.

Yadda ake saƙa tagiyar jinjiri

A fara murɗa tsinke a igiya, a sa ɗan mabuɗi cikin hudar da ke gindin mahaɗi a ƙara matsewa. In da yatsa kaɗai aka murɗa, zai kwance a tsakiyar aiki, saƙa ta zube.

Sannan a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji. Kowane zarge na zare da ke bisa tsinke, a ƙidaya shi ido ɗaya, kamar idon raga. A aza awon tela a ga ido nawa ne cikin santimetir 10. Misali an samu 22. Tagiya tana miƙewa, don haka a yi ta santimetir 30. To, 22 sau 3, ya zama 66. Ido 66 za a ɗora.

A tura su tsakiyar igiya, a raba biyu, 33 da 33. A jawo igiya ta tsakaninsu ta fito kamar kunne. Rabi ya hau wannan tsinke, rabi ya hau wancan. A duba da kyau kada layin farko ya murɗe, don in ya murɗe sai an warware duka. A jawo tsinken baya, idanunsa su sauka bisa igiya, a saƙa rabin gaba da shi. A juya, a sake yin haka. Zagaye ɗaya ke nan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Jakar allura mai kwancewa tana da tsada, mace ɗaya ba ta bukatarta duka. Matan jihar Maradi kuwa sun san asusu. A nan aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a shekara ta 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Ƙungiya tana iya sayen jaka ɗaya da ƙarin igiyoyi. In wata tana bukatar lamba 4 alhali yana hannun wata, sai a kwance tsinkayen, a sa marufi a bakin igiya. Saƙar farko ta zauna bisa igiyarta lafiya lau, ta biyu ta fara tata.

A aje littafi, a rubuta sunan mai ara, da lambar tsinke, da ranar da ta ɗauka. Mai saƙa ita ma ta rubuta lambar da ta fara da ita, don kada ta ƙarasa da wata. Ga amfanin karatu da lissafin da ake koyo a cibiya.

Kada a bar allura cikin rana ko kusa da murhu, zafi yana lalata roba. Igiyar da ta kanannaɗe a tsoma ta cikin ruwan ɗumi, za ta saki. Mabuɗi da marufai ƙanana ne, a ɓoye su inda yaro ba zai kai su baki ba.

Inda ba a samu mai igiya ba, kada a fasa saƙa. Tsinkaye biyar gajeru masu baki biyu, kauri ɗaya, an goge su sumul, su ma suna saƙa tagiya marar ɗinki.

A fara tun da kaka, kafin ɗari ya shigo. Allah shi raya mana yaranmu, shi ba mu lafiya da zama lafiya, amin.