Ciwon Nono Ba Ya Hana Shayarwa

Wata ungozomar asibiti ta yi wa matan ajin yaƙi da jahilci jawabi a garin Jibiya. Wasu daga Magama suka zo, wasu daga ƙauyukan bakin iyaka. Ga abin da ta faɗa.

Ta ce kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa, nono yakan cika, ya yi tauri, ya yi zafi. Wannan ba sammu ba ne, kuma nonon bai lalace ba. Babban maganinsa shi ne jariri ya sha. A ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. In taurin ya hana shi kamawa, uwa ta wanke hannu ta tatse kaɗan don kan nonon ya yi laushi. Kaɗan fa, domin yawan tatsa ƙara ruwan yake yi. Bayan ya sha, ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa, ta ɗora kamar minti 10. Ban da murza da ƙarfi. Wajen wankan jego ma kada a gasa nonon da ruwa mai ƙuna, kumburin ƙaruwa zai yi.

Ta daɗe tana bayani a kan tsagewar kan nono. Ta ce yawanci daga kamun jariri yake zuwa. In ya cafki kan nonon kaɗai, zai ji wa uwarsa rauni, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Uwa ta juyo da shi, cikinsa ya manne da nata. Ta jira ya buɗe baki sosai kamar mai hamma, sannan ta jawo shi. Bakinsa ya rufe yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa nono. In za ta cire shi, kada ta fizge. Ta sa ƙaramin yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa, zai saki. Sai ta shafa ɗan ruwan nononta a wurin, ta bari ya sha iska. Sabulu busar da fatar yake yi, ruwa ya isa.

Wata dattijuwa ta ce, "Malama, ai mu a da yaye yaro ake yi daga nonon da ke ciwo." Ungozomar ta amsa, "Inna, barinsa cike shi ke kawo maruru. Kuma jaririn da aka koma ba shi koko ko madarar akuya, gudawa ce ke jiransa." Ta tuna musu cewa tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Dakashi ma, wato nonon farko, kada a zubar. Kariya ce ga jariri.

Ta ce mai shayarwa tana iya shan farasitamol yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. Amma ta ja kunnensu game da ƙwayoyin da 'yan talla ke yawo da su a kasuwa cikin rana. Ta kuma hana kai nono wurin wanzami a yi sakiya.

In nonon ya yi ja, ga zazzaɓi da rawar sanyi har kwana ɗaya, ko mugunya na fita, a tafi Babban Asibitin Jibiya ko asibitin da ya fi kusa. Haka kuma in akwai ƙullutun da ya ƙi bajewa. Ta roƙi matan su karanta wa mazajensu wannan, domin izini da kuɗin mota a hannunsu suke.