Jawabin Bikin Yaye Masu Wayar da Kan Jama'a a Kan Ciwon Hanta Nau'in B a Melbon

 

An shirya taron yau ne domin yaye maza da mata da suka kammala horo a kan ciwon hanta nau'in B, waɗanda aka zaɓo daga cikin al'ummomin da suka zo Ostireliya daga Asiya da Afirka da tsibiran Fasifik, da nufin su koma cikin mutanensu su yi bayanin wannan cuta da harshen da aka rene su da shi. Dalilin zaɓo su daga ciki a bayyane yake, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma maganar da ta shafi jini da haihuwa da aure ba kowa ake buɗe wa ƙofa ya zo da ita ba, komai yawan karatunsa.

Ciwon hanta nau'in B ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda take shiga jini ta zauna a hanta, wato gaɓar nan da ke gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, wadda take tace jini tana sarrafa abinci da magunguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar a matsayin mai ɗorewa, ma'ana ƙwayar ta haura wata shida a jikinsu ba ta fita ba, kuma a wannan shekarar ta yi ajalin kimanin mutum miliyan 1.1, akasarinsu ta hanyar taurin hanta, inda tabo ke maye gurbin lafiyayyen nama har gaɓar ta gaza aiki, ko kuma ta hanyar sankarar hanta. Yankin yammacin Fasifik da nahiyar Afirka su ne suka fi ɗaukar wannan nauyi, kuma daga can ne mafi yawan ɗaliban yau suka fito. Ita ma wannan ƙasa tana da nata gurbin a tarihin cutar, domin a jinin wani ɗan asalin Ostireliya ne Baruch Blumberg, masani ɗan Amurka, ya gano alamar ƙwayar, ya wallafa sakamakon a 1965, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ta zama ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya.

Ƙididdigar da Cibiyar Doherty ta nan Melbon take fitarwa ta nuna cewa fiye da mutum 200,000 ne ke ɗauke da cutar a Ostireliya, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗannan a wata ƙasa aka haife su, irin su Biyetnam da Sin da Filifin da ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yayin da 'yan asalin ƙasar su ma suke ɗauke da kaso fiye da yawansu. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba su san suna da ita ba. Amma adadin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na waɗanda likita ke bibiyarsu a kai a kai, wanda bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali manufar ƙasa ta 2018 zuwa 2022 ta sa burin a kai rabi. Abin da wannan ke nufi shi ne dubban mutane an gwada su, an gaya musu sakamako, sun naɗe takarda sun sa a aljihu, ba su sake komawa asibiti ba, a ƙasar da gwajin yake da sauƙi, maganin kuma gwamnati ke ɗauke da mafi yawan kuɗinsa. A wannan giɓi ne aikin waɗanda ake yayewa yake, kuma giɓi ne da ginin asibiti ko sayen na'ura ba ya cike shi.

Abu na farko da ya wajaba su isar shi ne yadda ake kamuwa da cutar, saboda a nan ne kunya ta samo tushe. A ƙasashen da cutar ta yi yawa, mafi yawan masu ɗauke da ita sun same ta ne daga uwa a lokacin haihuwa ko kuma a shekarun farko na ƙuruciya, ta hanyar ƙananan raunuka da cuɗanyar yara a gida, tun kafin su san hagu da dama. Jaririn da ƙwayar ta shige shi, a tara cikin goma takan zauna masa har iya rayuwa, domin garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwarin da za ta kore ta ba, alhali babban mutum idan ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsa kan kawar da ita da kansa. Gaskiya ne cewa tana yaɗuwa ta saduwa, da allurar da aka yi amfani da ita fiye da sau ɗaya, da askar wanzami ko ƙahon da ba a tsabtace ba, da rezar yankan farce da ake karɓa-karɓa, tunda ƙwayar na iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai. Sai dai dattijon da aka gano yana ɗauke da ita yana da shekara 50, mafi rinjayen zato shi ne tun yana goye take tare da shi, don haka zargin da ake yi masa, ko wanda miji ke yi wa matarsa bayan an dawo daga awon ciki, zalunci ne da rashin sani ya haifa.

Haka nan dole a faɗa wa jama'a hanyoyin da cutar ba ta bi. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a kofi ɗaya, ko musafaha, ko tari, ko cizon sauro, ko tsayuwa a sahu ɗaya. A gidaje da dama, da zarar an ji labari sai a ware wa mutum farantinsa da cokalinsa, a riƙa wanke su daban, a hana jikoki hawa cinyarsa, shi kuwa ya haɗiye abin a ransa yana ganin ya zama abin ƙyama a gidan da ya gina. Wannan wariya ba ta kare kowa daga komai, illa dai ta koya wa sauran 'yan gidan cewa gara mutum ya mutu bai sani ba da a gwada shi. Abin da ke kare iyali shi ne a gwada kowa, wanda ba shi da garkuwa a yi masa allurar rigakafi sau uku a cikin wata shida, wadda a jihar Biktoriya kyauta ake yi wa waɗanda ke zaune gida ɗaya da mai cutar. Wannan bayani ya shafi aure kai tsaye, musamman ga masu ɗauko mata ko miji daga gida. Jihar Kano, misali, ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024 wadda ta haɗa da ciwon hanta, kuma gwajin abu ne mai kyau, amma sakamakonsa dalili ne na yi wa ɗayan rigakafi kafin tarewa, bai kai dalilin maido da kayan lefe ba.

Batun da ya fi wahalar shiga kunne shi ne cewa mutum yana iya jin garau alhali hantarsa na lalacewa. Mutane da yawa suna jiran idonsu ya yi ɗorawa ko cikinsu ya kumbura kafin su yarda akwai matsala, amma wannan cuta takan yi shekara 20 ko 30 ba ta nuna alama ba, kuma a lokacin da alamun suka fito sau da yawa aski ya riga ya zo gaban goshi. A da, likitoci kan sallami wasu da cewa suna ɗauke da ƙwayar amma lafiyarsu lau, kuma har yau akwai masu riƙe da wannan magana da aka gaya musu a Khartum ko Hanoi ko Legas shekaru da suka wuce. Ilimin yanzu ya yi watsi da ita, domin cutar tana sauya hali: takan kwanta na tsawon lokaci sannan ta farka ba tare da sanarwa ba. Saboda haka duk mai ɗauke da ita yana buƙatar gwajin jini kowane wata shida zuwa shekara, a auna yawan ƙwayar a kuma duba lafiyar hanta, ko yana shan magani ko ba ya sha. Ga wanda aka haifa a Afirka kudu da Sahara, ƙa'idar likitocin Ostireliya ta ce a fara yi masa hoton hanta duk wata shida tun daga shekara 20, alhali ga namiji ɗan Asiya sai ya kai 40, mace kuma 50, saboda sankarar hanta takan kama 'yan Afirka da ƙuruciya. Daga cikin dalilan da masana suka tabbatar akwai gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, wadda idan ta haɗu da wannan ƙwaya haɗarin sankara kan ninka.

Maganin da ake da shi, tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ya fitar da cutar daga jiki gaba ɗaya, amma yana danne ta har a kasa ganinta a gwaji, yana kuma rage haɗarin taurin hanta da sankara ƙwarai. Ba kowa ke buƙatarsa nan take ba, likita ne ke yanke wannan. Wanda ya fara kuwa bai kamata ya daina da ra'ayin kansa ba, domin yankewa farat ɗaya na iya sa ƙwayar ta taso da ƙarfin da zai jikkata hanta, kuma wannan yakan faru ne ga wanda ya tafi ganin gida na wata uku da maganin wata ɗaya a jaka. A can ne kuma 'yan uwa, cikin ƙauna, sukan kawo masa jiƙo da sassaƙe. Mai wayar da kai ba zai ci nasara ba idan ya raina maganin gargajiya a gaban dattawa, amma wajibi ne ya faɗa cewa duk abin da aka sha hanta ce ke sarrafa shi, wasu saiwoyin suna ƙara mata rauni, giya kuma ta fi su ɓarna, don haka a nuna wa likita duk abin da ake sha.

Inda aka fi samun nasara shi ne ɗakin haihuwa. Tun 1984 Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi, kuma bayan shekaru aka ga sankarar hanta ta ragu a tsakanin yaranta. Gambiya ta soma nata babban gwajin rigakafin a 1986. Ostireliya ta mayar da allurar ta kowane jariri a 2000, Nijeriya kuma ta shigar da ita jadawalin rigakafin yara a 2004, wanda ke nufin mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan sun tashi ba kariya. A nan Ostireliya ana gwada kowace mai juna biyu. Idan an same ta da cutar, kuma ƙwayar ta yi yawa a jininta, ana ba ta tenofovir daga wajen mako na 28, jaririn kuma a yi masa allura biyu a cikin sa'a 12 na farko, ɗaya ta rigakafi, ɗaya ta sinadarin garkuwa da ke tare ƙwayar nan take. Da wannan, kusan duk jariran sukan tsira, kuma uwa tana shayar da ɗanta nono ba fargaba. Abin takaici shi ne bayan suna hankali kan koma kan jariri, ita uwar a manta cewa tata hantar ma tana buƙatar bibiya, kuma mace 'yar uwarta da ta zo barka ta fi kowace wasiƙar asibiti iya tuna mata.

Akwai iyakoki da ɗaliban suka koya, waɗanda ya dace a maimaita a gaban shugabannin al'umma. Mai wayar da kai ba likita ba ne, ba ya fassara sakamakon gwaji, ba ya ba da magani. Riƙon sirri shi ne jarinsa, domin a ƙaramar al'umma inda kowa ya san kowa, magana ɗaya da ta fita daga bakinsa a wurin biki ta isa ta rufe masa kowace ƙofa. Zai sanar da mutane cewa likita na iya kiran tafinta ta hukumar TIS National ba tare da majinyaci ya biya ba, saboda bai dace a sa yaro ɗan makaranta ya fassara wa mahaifiyarsa zancen saduwa da sankara ba. Zai kuma sanar da su cewa dokar ƙasa ta 1992 mai hana nuna bambanci saboda lalura ta kare mai wannan cuta a wurin aiki da makaranta da gidan haya. Game da takardar izinin zama kuwa, wadda tsoronta ke hana mutane da yawa zuwa gwaji, kada ya yi alkawarin da ba nasa ba, ya tura mai tambaya wurin lauyan da ya san dokar shige da fice.

Ƙasashen duniya sun amince a 2016 cewa za su kawar da ciwon hanta daga jerin manyan barazanar lafiya kafin 2030, ta rage sababbin kamuwa da kashi 90 da mace-mace da kashi 65 cikin 100, kuma lokacin ya ƙarato. Roƙon da ake yi wa limamai da shugabannin majami'u da na ƙungiyoyi shi ne su ba waɗannan ɗalibai fili bayan sallar Juma'a da bayan sujadar Lahadi da a tarukan mata, su kuma fara miƙa nasu hannun a ɗebi jini, domin jama'a na kallon abin da manya suka yi. Ana roƙon asibitocin unguwa su karɓi waɗanda aka turo musu da mutunci, su kuma ba su ranar dawowa kafin su fita.

 Allah Ya sa albarka a abin da aka koya, Ya ba marasa lafiya lafiya. Yanzu ana gayyatar shugaban taro ya taso domin miƙa takardun shaida.