Abin Da Muka Gano A Gidan Reluwe Na Ebute Metta

(Jawabin da wakilan ƙungiya suka gabatar a taron wata-wata, Bagadaza, Gombe)

 

Kun aike mu Ikko, mun je mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Bayanin kuɗin tafiya yana hannun ma'aji. Mu wani abu daban ne ya tsaya mana a rai.

Da muka gama hidima, wani ɗan uwa mazaunin can ya ja mu Ebute Metta, cikin harabar reluwe, ya nuna mana wani tsohon bene da ake kira Jaekel House. An gina shi a 1898, babban manajan jirgin ƙasa ya zauna a ciki. Ya tsufa ƙwarai, sai a 2010 aka gyara shi da ƙoƙarin wata ƙungiya mai suna Legacy 1995, ya zama gidan tarihi. Ba su rushe shi sun kafa na gilashi ba, irin yadda mukan yi. Barandarsa da tagoginsa suna nan yadda suke, a ciki ga tsofaffin hotuna da kayan aikin ma'aikatan dā. A Afirka ta Kudu ma akwai irin wannan: a ɗan ƙauyen Matjiesfontein, bakin layin dogo, an gyara otal ɗin Lord Milner na 1899 aka sake buɗe shi a 1970, baƙi na zuwa takanas su kwana.

To, wallahi muna cikin kallo sai hankalinmu ya dawo gida. Dogon da ya taso daga Kuru ya biyo ta Bauci ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Auduga da gyaɗa ta nan suka riƙa fita. Da yawa daga cikin iyayenmu cinikin da jirgi ya buɗe ne ya kawo su garin nan daga Kano da Katsina da Zariya. Wasunsu a bakin tasha suka yi kwanan farko, kan tabarma, kafin su sami mai masauki. Yau ka tambayi yaro a Bagadaza yadda kakansa ya zo Gombe, sai ya tsaya yana kallonka.

Gyaran gini dai ba mu da ƙarfinsa, kuma ginin ba namu ba ne. Amma dattawa namu ne. Bara kaɗai mun rasa biyu da suka yi dako a tasha, Allah ya jiƙansu, ba mu ɗauki maganar ko ɗaya ba.

Saboda haka muna roƙo, duk mai tsohon hoto ko tikitin jirgi ko takardar aiki ya kawo wa sakatare, a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa. Samari huɗu muke nema masu waya da haƙurin zama, su bi dattawa gida-gida bayan la'asar. Wanda ya yarda ya ba da sunansa kafin a yi addu'ar tashi.