Finafinai 3 kan ƴan matan ƴan asalin ƙasa: jawabin da na yi a zaman matasa



Idan aka ce wariyar launin fata, hankalinmu Amurka yake tafiya ko Afirka ta Kudu. Yau ina so mu leƙa Ostiraliya da Kanada, wajen mutanen da Turawa suka tarar a ƙasarsu, aka ƙwace musu ƙasa, aka kuma ƙwace musu ƴaƴa. Finafinai 3 na kawo muku, kuma duk yarinya ce jarumar.

Na farko shi ne Rabbit-Proof Fence na 2002. A 1931 hukumar Yammacin Ostiraliya ta ɗauke ƴan mata 3 daga Jigalong: Molly mai shekara 14, da Daisy, da Gracie. Laifinsu kawai iyayensu maza Turawa ne, uwayensu ƴan asalin ƙasa. Aka kai su sansanin Moore River don a raba su da harshensu, a koya musu aikatau a gidajen Turawa. Suka gudu. Molly ta gano shingen wayar da aka ja don tare zomaye, ta san yana ratsa garinsu, sai suka bi shi. Mako 9 a ƙafa, sama da kilomita 1,500, ya fi nisan Yamai zuwa Diffa. An kama Gracie a hanya, sauran biyun sun isa gida. Ɗiyar Molly, Doris Pilkington, ita ta rubuta littafin da aka yi fim ɗin da shi. Gwamnatin Ostiraliya ba ta nemi gafara ba sai 13 ga Fabrairu 2008.

Na biyu shi ne Beans na 2020, na Tracey Deer, ƴar ƙabilar Mohok. A 1990 garin Oka a Kebek ya so faɗaɗa filin wasan golf cikin ƙasar da Mohok ke cewa tasu ce, kusa da maƙabartarsu. Aka yi kwana 78 ana zaman doya da manja da ƴan sanda da sojoji. Tracey tana da shekara 12 lokacin, tana cikin ayarin motocin mata da yara da tsofaffi da aka yi wa ruwan duwatsu. Fim ɗin yana nuna yadda yarinya mai fara'a take koyon fushi, da yadda fushin ke neman cinye ta.

Na ukun shi ne nake so mu fi tsayawa a kansa: Hi-Ho Mistahey! na 2013, aikin Alanis Obomsawin. A Attawapiskat, arewacin Ontariyo, an rufe lakwal ɗin firamare a 2000 saboda gazuwal ya tsiyaya a ƙarƙashin ginin. Aka zuba yara a ɗakunan wucin gadi, a garin da sanyi ke daskarar da ruwa. Alkawari sai a yi, sai a fasa. A 2008 wata ɗaliba, Shannen Koostachin, mai shekara 13, ita da ƴan ajinsu suka fasa yawon ƙarshen shekara suka tafi Ottawa suka fuskanci minista. Ya ce babu kuɗi. Ba su koma sun yi shiru ba, suka jawo dubban ɗalibai na Kanada cikin gwagwarmayar. Shannen ta rasu a haɗarin mota a 2010 tana da shekara 15. A 2012 majalisar dokoki ta amince da buƙatarta baki ɗaya, a 2014 aka buɗe sabon lakwal.

Mu da muka ga gobarar ajujuwan zana ta kashe yara a Yamai da Maraɗi a 2021, ba sai an fassara mana "wucin gadi" ba.

To yaya za a koyar da su? Hukumar finafinai ta Kanada, ONF, wadda ta shirya fim na uku, tana da sashen malamai a intanet, da Faransanci ma akwai. Amma ko babu takarda, shawarata ga malamai da masu kulob ita ce kada a kunna fim a tashi. A tsayar da shi a tsakiya a tambayi yara: wa ya yanke hukuncin nan? Wace doka ta ba shi dama? Wa ya amfana? Me yarinyar ta yi da ɗan abin da ke hannunta? Sannan a bar ƴan mata su fara magana, don in ba a yi haka ba, kun san halinmu, maza za su cinye lokacin.

Abu ɗaya nake roƙo: kada tausayi kaɗai mu kwasa. Waɗanda suka ɗauke Molly da takarda da hatimi suka zo, suna cewa alheri suke mata. Yaron da ya gane wannan zai iya gane wariya ko ta zo da kayan ofis, ko ta zo da maganar asali lokacin neman aure.

Duk malamin da ke cikinmu, ya zaɓi fim ɗaya ya nuna wa ajinsa kafin hutu, ya dawo mana da abin da ƴan matan suka ce.