Aku a gida: a rage masa fiffike ko a bar shi?

Yau zancen aku za mu yi, har da ƙanwarsa tsirya da yara ke kamowa a gona.

Mutane da yawa gani suke da zarar an sa almakashi an rage gashin fiffike, shi ke nan an huta. To, kai makiyayi ka fi kowa sanin dabaibayi. Jakin da aka yi wa dabaibayi ba ya nisa, amma ran da kura ta zo ba shi da ta yi. Haka akun da aka rage wa fiffike yake gaban kyanwa, ko kare, ko shaho in an bar shi a tsakar gida. Kuma gashin nan yana sake fitowa bayan 'yan watanni. Mai gida na nan sake da baki, iska ta kaɗa, sai a hangi aku bisa dogon yaro.

In dai sai ka rage, to dogayen gasun bakin fiffike kaɗai ake taɓawa, kuma ɓangare biyun daidai wa daida. Masu yanke gefe ɗaya cutar tsuntsu suke yi: in ya zabura juyawa yake, ya faɗo da ƙirji. Ka duba da kyau, sabon gashi mai duhu a gindi akwai jini a ciki, in ka datse shi zai yi ta zuba. In likitan dabbobi na kusa, shi ya kamata ya yi.

Ni dai na fi son a bar masa fiffikensa a gyara ɗakin. A kashe fanka kafin a buɗe keji, a rufe taga, a rufe randa da bokitin ruwa. Hayaƙi shi ne babban makashinsa, na murhu ne, na turaren wuta ne, ko na maganin sauro. Kada a ba shi goro ko shayi wai don a ji bakinsa, kada a ba shi fiya, ko gyaɗar da ta yi funfuna. Aku mai jan wutsiya ɗan kurmin Kamaru da Kwango ne, bai san hunturunmu ba, sai a lulluɓe kejin da zane da dare.

Saura ku fatake. Tun taron da aka yi a Afirka ta Kudu a 2016, yarjejeniyar CITES ta hana cinikin wannan aku mai jan wutsiya tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo shi, kuma Nijar da Nijeriya da Kamaru duk suna cikinta. In wani ya miƙo maka kwali mai huda-huda ya ce ka ƙetarar masa da shi, buɗe ka gani tukuna, don a shingen kwastan ko duwan wanda ke riƙe da kwalin ake tambaya.