Ɗigon Jini Daga Kunnen Kyanwa: Dalilin Mayar da Gwajin Sukari Gida

 

Maganar mai wannan lacca ɗaya ce, kuma wasu a zauren nan sun gaji da jin ta: kyanwar da ake yi wa allurar insulin, a gida ya kamata a riƙa auna sukarinta, da hannun mai ita. Likitan da ya dogara da awon da ya yi a kan teburin asibiti kaɗai wajen ƙara allura ko rage ta, lalube yake yi a cikin duhu, kuma kyanwar ce ke biyan kuɗin laluben.

Ba sai an tsaya bayanin ciwon sukari a gaban wannan taro ba. Kowa ya san alamun: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci kamar gara amma ana ramewa, wani lokaci kuma tafiya a kan diddige saboda jijiyoyin ƙafafun baya sun taɓu. Kowa ya san na kyanwa ya fi kama da nau'i na biyu na ɗan Adam, kuma muzuru mai ƙiba wanda aka yi wa dandaƙa, wanda shekaru suka fara ja, shi ne a gaba wajen kamuwa. Ƙididdigar da aka fitar a Ingila a 2016 daga bayanan asibitocin dabbobi ta nuna kusan kyanwa ɗaya cikin 170 na da cutar. Duk wanda ke duba dabbobin gida a manyan garuruwanmu ya san yanzu akwai magen da ba ta san ɓera ba, tana kwance a falo ana zuba mata abincin leda, kuma irinta ce ake kawo mana.

A dubi yadda take isowa asibiti. An cusa ta a kwando ko kwali, an ɗora ta a adaidaita sahu, ta sha hayaniya da zafi da gargadar hanya. Ta shigo ta tarar da kare yana haushi a ɗakin jira. Sannan mutum biyu su danne ta, na uku ya soka mata allura a jijiya. Wannan ba kyanwar Lami ba ce da ba ta cizo ba ta yaƙushi. Za ta yi duka biyun, kuma yayin da take kokawa jikinta na ta zuba sukari cikin jini. Jacquie Rand da abokan aikinta a Jami'ar Queensland ta Ostareliya sun nuna haka ƙarara a 2002. Sun ɗauki kyanwoyi 20 masu ƙoshin lafiya, suka yi musu wankan feshi na minti biyar, sai sukarinsu ya yi tsalle, kuma wadda ta fi fafutika ita ta fi hawa. Wannan wanka ne kawai ga lafiyayyar dabba. To ina ga marar lafiya da aka ajiye a keji tun safe ana ɗibar jininta duk bayan awa biyu da sunan zana jadawalin sukari na yini? Sau da yawa ma ba ta taɓa abincin da aka aje mata. Jadawalin da aka samu a irin wannan yini hoton tsoro ne da yunwa.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Likita ya ga lamba ta yi sama, ya ce a ƙara yunit ɗaya. Mage ta koma gida, hankalinta ya kwanta, sukari ya sauka inda yake da gaske, ga kuma ƙarin insulin a jiki. Da tsakar dare sai a ga tana tangaɗi, idanu sun buɗe, tana makyarkyata. Mai wannan lacca ya taɓa karɓar wani muzuru da aka bi da shi wannan hanya har sau uku a wani asibiti da ba zai ambata ba, ana ƙara allura duk zuwa. Mai shi, wata malamar makaranta, ba ta yi laifin komai ba sai bin umarni sau da ƙafa.

Yanzu ga hujjar da ya fi dogara da ita, kuma zai ɗan daɗe a kanta. A 2009 Kirsten Roomp da ita Jacquie Rand ɗin suka buga sakamakon wani bincike a mujallar Journal of Feline Medicine and Surgery. Kyanwoyi 55 ne masu ciwon sukari, akasarinsu a Jamus, kuma masu su ne suka yi aikin a gidajensu. Ana yi musu allurar glargine, wadda kuka sani da sunan Lantus, sau biyu a rana. Ana ba su abinci mai ƙarancin sitaci. Ana auna sukari a gida aƙalla sau uku a rana, ana daidaita allurar da ɗan ƙaramin mataki bisa lambobin da aka gani, da nufin a tsayar da sukari kusa da na lafiyayyar kyanwa. Kashi 64 cikin ɗari cutar ta lafa musu, wato aka daina allura gaba ɗaya sukari bai tashi ba.

A ƙara duba ciki. Waɗanda aka fara wannan tsari da su cikin wata shida da gano cutar, kashi 84 ne suka samu lafawa. Waɗanda aka makara, kashi 35. Tazarar nan ita ce dukan laccar yau. Dalilinta kuma ba ɓoyayye ba ne: sukarin da ya daɗe a sama guba ne ga ƙwayoyin da ke samar da insulin a jiki. Idan aka sauke shi da wuri, ƙwayoyin su huta su farfaɗo. Idan aka bar shi wata da watanni yana yawo a miligiram 300 da 400 ana jiran ranar komawa asibiti, su mutu, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Duk likitan da ya ce wa mai kyanwa “je ka, ka dawo bayan wata ɗaya mu gani” yana cin wannan wata shidan ne ba tare da ya sani ba.

Akwai abu na uku a cikin binciken da ba a cika ambata ba. Duk da matse sukarin da aka yi, sau ɗaya tak aka ga alamun faɗuwar sukari a jikin dabba, shi ma mai sauƙi. Abin da ya kare su shi ne ido na kan lamba kullum. Roomp da Rand sun sake komawa kan bayanan waɗannan kyanwoyi a 2016 don duba abin da aka koya mana a aji da sunan Somogyi, wato sukari ya faɗi ƙasa sannan ya yi tsalle sama. Cikin jadawali sama da dubu goma, waɗanda suka nuna haka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Dodon da aka daɗe ana tsorata ɗalibai da shi ashe bai kai girman sunansa ba, aƙalla da wannan insulin.

Za a ce masu kyanwoyin nan zaɓaɓɓu ne masu himma, kuma ba a kwatanta su da wani rukuni ba. Gaskiya ne, wani nazari da aka yi a Landan a 2014 ma ya ce hujjojin lafawar cutar gaba ɗaya ba su da ƙarfi sosai. An ji. Amma har yau ba wanda ya kawo bayanan da ke nuna rashin aunawa ya fi aunawa. Za a kuma ce mutanenmu ba za su iya ba. Wannan raini ne. Gidaje nawa ne a garin nan da ke da na'urar gwajin suga saboda Baba ko Hajiya? Yarinyar da ke soka yatsan kakarta kowace asuba ba za ta kasa kunnen mage ba. Masu cewa gwajin furuktosamin ya wadatar kuwa, su tuna matsakaicin mako biyu zuwa uku yake bayarwa, ba ya faɗin ƙarfe nawa sukari ya faɗi.

Ga yadda aikin yake, don a daina ɗaukarsa tiyata. A ɗora kyanwa a cinya a inda ta saba kwanciya. A ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi ko a murza shi a hankali na kamar minti ɗaya. Idan aka haska tocilan ta bayansa za a ga wata siririyar jijiya tana bin gefen kunnen kamar zare. A shafa ɗan basilin kaɗan don kada jinin ya bi gashi ya watse, a tokare bayan kunnen da dunƙulen auduga, a soka tsinken gwaji tsakanin jijiyar da bakin kunne. Ɗigo ɗaya zai fito, bai kai ƙwayar gero ba. A kai bakin takardar gwajin, a danne wurin da auduga, a ba ta ɗan abin da take so. Makon farko da wuya, har da kuskure da ɓarnar takarda. Bayan haka yawancinsu ko motsi ba sa yi. Amma likita ya nuna da hannunsa, mai kyanwa ya maimaita a gabansa kafin ya fita. Bayanin baki ba ya isa.

A san kuma da wace na'ura ake aiki. A jinin mutum wani kaso babba na sukari yana cikin jajayen ƙwayoyi, a na kyanwa kuwa sama da kashi 90 yana cikin ruwan jinin. Shi ya sa na'urar mutane kan nuna lamba ƙasa da gaskiya. Akwai ta dabbobi irin AlphaTRAK, amma wanda ba shi da ita ya yi da ta mutane, ya tsaya a kan guda ɗaya, ya rubuta sunanta a littafin da yake rubuta awon gida. A kuma lura ko miligiram take ƙirgawa ko milimol. A ninka milimol sau 18 a samu miligiram. Mai hali yana iya liƙa FreeStyle Libre a fatar da aka aske, ta yi ta karatu har zuwa kwana 14 idan magen ba ta ɓamɓare ta ba.

Batun adadin allura gajere ne. A fara da ƙasa, rubu'i zuwa rabin yunit a kowane kilo, wanda a aikace yunit ɗaya ne ko biyu sau biyu a rana. Kada a sauya kafin kwana biyar zuwa bakwai sai dai ragewa, kada kuma a ƙara fiye da rabin yunit zuwa ɗaya a lokaci guda. Lambar da ke hukunci ita ce mafi ƙanƙanta a tsakanin allurai biyu, ba ta safe kaɗai ba. Mai wannan lacca ba ya cewa kowa ya matse sukari kamar Jamusawan nan. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kyanwa ta duniya ta fitar a 2015 sun yarda da tsakanin miligiram 90 da 250, kuma wannan ya isa ga wanda ke fita aiki tun safe. Idan mage ta ƙi abinci ko tana amai, ko lamba ta yi ƙasa kafin allura, a kira likita kafin a soka. Idan ta fara tangaɗi, a shafa zuma a dasashinta a taho da ita. Kada a ɗura mata komai a maƙogwaro.

Sai sirinji, wanda ya kashe dabbobin da ba a ƙirga ba. Caninsulin da ProZinc yunit 40 ne a kowace mililita. Lantus yunit 100 ne. Wanda ya zuƙi Lantus da sirinjin 40 har layin yunit biyu, yunit biyar ya ba kyanwa. A nan inda mai kyanwa zai sayi insulin a wani kemis, sirinji a wani, wannan kuskure yana jiran kowa. Likitan da ya rubuta insulin bai rubuta sirinjinta ba, bai kuma riƙe ta ya duba ba, rabin aiki ya yi.

Ajiyar insulin ma tamu ce ta daban. Takardar magani ta ce firji, digiri 2 zuwa 8, ba ta san ana ɗauke wuta kwana biyu a watan Afrilu ba. A 2021 Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF sun gwada insulin a irin zafin sansanin Dagahaley na Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga ta riƙe ƙarfinta na mako huɗu. Insulin ɗin mutane suka gwada, kuma wannan ba lasisin barin kwalba a mota ba ne. Amma tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, ta fi firjin da ke daskarewa yau ya narke gobe, domin insulin da ta daskare ta lalace. Kuma littafin gida ne zai fara tona asirin kwalbar da ta mutu: lambobi su hau ba dalili.

Abinci: a janye tuwo da shinkafa da busasshen abincin leda mai yawan hatsi, a koma na gwangwani mai yawan nama. Amma a yi sauyin ana aunawa, domin buƙatar insulin na iya faɗuwa cikin kwanaki. Idan kuma allura ta yi ta hawa sukari ya ƙi sauka, a daina zargin mai kyanwa. Binciken Stijn Niessen a Landan a 2015 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na kyanwoyi masu ciwon sukari a can na da ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa mai zuba sinadarin girma fiye da kima. Sababbin magungunan sha irin Bexacat da Senvelgo da Amurka ta amince da su a 2022 da 2023 ba na kyanwar da ta riga ta fara insulin ba ne, kuma suna buƙatar nasu sa idon.

Abin da mai wannan lacca ke nema daga makarantunmu bai sauya ba: kada ɗalibi ya fita bai taɓa ɗibar jini daga kunnen kyanwa ba. Daga asibitoci kuma, kada a sallami mage mai ciwon sukari sai da na'ura, da sirinjin da ya dace, da lambar wayar da za a ɗaga da dare, da littafi mai layi huɗu: lokaci, lambar sukari, yunit nawa, ta ci ko ba ta ci ba. Mai ita ya ɗauki hoton shafin ya turo ta WhatsApp duk ranar Juma'a, likita ya duba ya amsa kafin Asabar.